A tambayi kuɗin tawada kafin a tambayi kuɗin firinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, a Aboabo nake zaune cikin Kumasi. Shekara tara ke nan da na mayar da zauren gidana ɗan ofis. A nan nake buga takardun jarrabawa na makarantun Islamiyya biyu, da wasiƙun neman aiki, da yarjejeniyar haya, ina kuma yi wa mutane kwafin katin ɗan ƙasa da fasfo, musamman idan lokacin shirin aikin Hajji ya zo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yar maƙwabcina. Yarinya ce mai himma, tana ɗinki tana tallata kayanta ta waya. Ta yi adashi ta tara kuɗi domin ta riƙa buga rasit da hotunan samfurin ɗinki a gida. Ta je Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ta zaɓi firintar da ta fi kowace sauƙin kuɗi. Wata biyu ba su cika ba tawada ta ƙare, da ta koma sayen wata aka gaya mata kuɗin da ya tasar wa rabin abin da ta biya na'urar. Yanzu firintar tana kan kabad an rufe ta da zane. Ranar da ta kawo mini aiki ta ce, “Baba, da na sani da wurinka na fara zuwa.” Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san dare nawa ta raba a kan keke kafin ta haɗa kuɗin nan.

Malam Edita, masu ƙera ƙananan firintoci a tawada suke cin ribarsu, shi ya sa suke sakin na'urar da araha. Ɗauki ƙaramin kwanson tawada baƙa na HP mai lamba 123: kamfanin da kansa ya ce shafi kusan 120 yake bugawa. Ƙunshin takarda ɗaya kuwa 500 ne a ciki. Ke nan kafin mutum ya cinye ƙunshi guda ya sayi kwanso huɗu, yana kan na biyar. Firinta mai tanki, wadda ake ɗura mata tawada daga kwalba, irin su Epson L3250, kwalbar baƙa ɗaya an ƙiyasta mata shafi 4,500. Sai an sayi ƙananan kwanso fiye da 37 kafin a kamo kwalba ɗaya. Mai tankin ta fi tsada a ranar saye, gaskiya ne, amma wanda zai riƙa bugu kullum a cikin 'yan watanni zai fanshe bambancin. A kuma sani cewa waɗannan alƙaluma da shafi mai ɗan rubutu ake auna su. Takardar jarrabawar Larabci mai cike da wasula da layuka ta fi haka shan tawada nesa ba kusa ba.

Duk da haka ni firinta mai leza nake amfani da ita, kuma ita nake nuna wa duk wanda aikinsa rubutu ne baƙi. Ita ba ta da tawadar ruwa. Hoda ce ake kira tona, wadda zafi yake narkarwa ya manne ta a jikin takarda. Hoda ba ta bushewa, don haka ko an tafi hutun wata guda aka dawo, ana kunnawa za ta ci gaba da aiki. Mai tawadar ruwa, ta kwanso ce ko ta tanki, idan aka bar ta makonni ba a taɓa ba, tawadar takan daskare a ƙananan ramukan da take fitowa, sai rubutu ya riƙa fita da fararen layuka. A lokacin hunturu abin ya fi muni. Wanda ya saye ta ya ɗaure wa kansa buga ko shafi ɗaya a mako, ya kuma rufe ta saboda ƙura. Sai maganar ruwan sama, wanda mu mutanen Kumasi mun san shi. Na ga yarjejeniyar haya da aka buga da tawadar ruwa, yayyafi ya same ta a hannun mai ita, sunaye da adadin kuɗi suka narke. Rubutun leza ba ya yin haka. Kwanson tona na HP mai lamba 85A yana ba da shafi kusan 1,600, kuma ba wuyar samu yake ba a garin nan.

Inda mai leza take da matsala shi ne wuta. Abin da ke narkar da hodar yakan yi zafin da ya kusa digiri 200, don haka tana jan ɗaruruwan wat idan tana aiki, alhali mai tanki ba ta wuce wat goma sha wani abu. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 mun san muhimmancin wannan. Wanda ke dogaro da ƙaramar inbata ko sola idan an ɗauke wuta, mai tanki ce za ta yi masa. Kada kuma a haɗa mai leza da ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta, ya fi ƙarfinsa. Ita 'yar maƙwabcina, tunda launi take buƙata, mai tanki ce ta dace da ita tun farko.

Akwai kuma kayan da 'yan uwa ke aiko mana. Ɗan ƙanena da ke Bronx ya taɓa sako mini firinta a cikin kaya, don Allah ya yi, kuma ina gode masa har gobe. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Yaron da ke taya ni aiki ya jona ta kafin na dawo daga masallaci, ta yi ƙara ɗaya ta mutu. A duba rubutun da ke bayan na'ura kafin a jona, idan ba a ga 220 zuwa 240 ba a nemi taransifoma mai rage wuta. Ko an tsallake wannan, wasu firintocin kwanson yankin da aka sayar da su kaɗai suke karɓa. Samfurin HP ɗaya da ke cin kwanso mai lamba 63 a Amurka, a Turai 302 yake ci, a nan Afirka 123. Haka firintocin na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema: akwai masu ƙarko a cikinsu, amma a sa mai shago ya buga shafin da ke nuna yawan aikin da na'urar ta yi, a ga kuma yadda take jan takarda.

Ni dai kafin in sayi kowace iri, sai na fara zuwa wurin mai gyara na tambaye shi wadda ya saba buɗewa da wadda kayanta ke samuwa a Adum ba sai an aika Accra ba. Wanda zai riƙa yin kwafin katuna ya nemi mai gilashi a sama. Wanda ba shi da kwamfuta ya tabbatar tana bugawa daga waya, a gwada a gabansa kafin ya miƙa kuɗi. Wanda kuwa shafi goma ne buƙatarsa a wata, ya riƙe kuɗinsa ya je shagon bugu na unguwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinku Adum da kuma kasuwar Sakul a Accra, ya zauna da masu gyara, ya kawo mana farashin tawada da na tona a sidi, da yawan shafin da kowanne ke bayarwa, a buga da Hausa. Matasanmu na Asawase da Nima da Madina suna ta buɗe ƙananan sana'o'i a ɗakunansu, kuma da yawa a cikinsu za su shiga kasuwa neman firinta a bana.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Aboabo, Kumasi