Kada ka ƙara shiga ɗakin nan kai kaɗai

Isufu,

Bayan gaisuwa. Nan Tawa kowa lafiya, sai zafi. Kafin azahar ba mai iya ɗora hannu a murfin mota.

Ɗan Hajiya Mariyama ya dawo daga Tulus ta Faransa, inda kake, ya biyo ta gareji ya gaishe ni. Cikin hira ya ce sai dare kake shiga ɗakin gwaji, bayan kowa ya tashi, wai lokacin ne ba mai jiran injin. Shi yabonka yake yi. Ni tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Kada ka ce tsoho bai san aikinka ba. Takardar simintin da ka yi mini zane a bayanta da babbar salla tana nan cikin akwatina. Ka ce wutar da ke dukan fukafukan cikin injin jirgin sama tana wuce digiri 1500, alhali ƙarfen da aka ƙera su da shi, mai haɗin nikel, yana narkewa tun ba a kai nan ba. Abin da ke ceton su iska ce da ake ɗebowa daga kwamfaresa, wato sashen da ke matse iska, a tura ta cikin ramukan da ke cikin fiffike, ta hau ta sauko. An kuma yi wa bangon ramin 'yan haƙarƙari a gicciye don kada iskar ta wuce sumul, ta dinga tuntuɓe tana kwasar zafi, ko da yake kowane tuntuɓe ƙarfinta yake ci. Na ce ai irin na silindar babur ne da nake kankare wa laka shekara da shekaru, ka yi dariya ka ce ba ɗaya ba ne. To, na ji.

Wanda ya fi zauna mini shi ne na juyawa. Ka ce in fiffiken yana juyawa, iskar da ke fita ba ta raba sanyinta daidai, sai ta karkata ta manne wa bango ɗaya ta bar ɗayan da zafinsa, in ta juyo ciki kuma ta koma wa wancan. Wai wani Bafaranshe, Koriyolis, ya bayyana wannan karkata tun 1835. Innarka da ke tankaɗe a gefe ta ce mai mata biyu ke nan da bai iya rabon kwana ba.

Duk wannan na yarda ilimi ne. Amma ni ma ina da nawa: abu mai juyawa bai san ubangidansa ba. Kai ka faɗa mini manyan injinan wutar lantarki sau 3000 suke juyawa a minti ɗaya, ka ce naka na gwaji bai kai haka ba. Dutsen wasa ƙarfen nan na gareji fa, girmansa nawa? Bai fi faifai ba. Ka san dalilin da ya sa baffanka Sani yake miƙa hagu in za a gaisa. Shi ma bayan magariba ne, shi ma shi kaɗai, wai zai ƙarasa aiki ɗaya, dutsen ya fashe. Da mai shayi bai ji ƙarar ba, da wani labarin ake yi. Guntun dutsen yana nan a kafe jikin ƙyauren gareji, na hana a cire.

Na san har yau kana riƙe da dukan da na yi maka ranar da na same ka ka kunna dutsen da hannun riga a sake. Innarka kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ban ba ka haƙuri ba, ba kuma zan ba ka ba. Kai da ake cewa ka fi kowa ƙwaƙwalwa, ashe lissafin iska ka iya, na ranka ka bar wa wa? In ƙusa ɗaya ta kwance da ƙarfe biyun dare, wa zai danna maɓallin kashewa? Takardar digiri ce za ta ɗauke ka zuwa asibiti?

Ban ce ka bar aikin ba, ɗana. Duk wanda ya kawo mota sai na nuna masa zanen nan. Ka nemi mutum ɗaya ya riƙa tsayawa tare da kai, ko da kuɗin kofi za ka biya masa. In babu, ka jira gari ya waye. Kafin ka kunna, ka bi ƙusoshin da hannunka, kada ka yarda da "an riga an ɗaure".

Innarka ba ta san zancen ba, ta ba ɗan Hajiya kilishi da yaji ya kawo maka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci, ka faɗa mini sunan wanda ka samu.

Babanka