Abba, Ka Je Ka Duba Dutsen Nan Tukuna

Zariya, daren Laraba

Zuwa ga ɗana Abba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya sanyi, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiyarku da ta saba tashi idan hunturu ya kama. Da hannuna na rubuta wannan takarda. Ummi ce za ta ɗauki hotonta ta tura maka, na kuma hana ta karantawa, ko da yake ka san halin Ummi.

Bayan haka, wata magana ta iso kunnena, kuma ba daga bakinka ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mijin yayarka Hajara ne ya ji ta wajen yaron nan da kuke zaune gida ɗaya, ita kuma ta riƙe ta kwana huɗu kafin ta iya faɗa min. Wai bizarka ta kusa ƙarewa. Wai ka je ka yi tambaya a inda ake ɗaukar sojan Birtaniya, tunda suna karɓar 'yan ƙasashen renon Ingila, wai ta nan takardun zama za su fi zuwa da sauƙi. Ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata ba, don na san ɗan da na haifa. Tun kana aji uku kake saɓa muciya a kafaɗa kana fareti a tsakar gida. Ban manta da fom ɗin shiga soja na Kaduna ba, na san kai ma ba ka manta ba. Wata biyu ka yi ba ka sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Har gobe ban yi da-na-sanin yaga shi ba.

Ba zan yi maka faɗa a waya ba. Na gwada a baya, abin da na samu shi ne ka daina ɗauka. Aikenka zan yi. Shekara biyu kana Landan, hotunan da kake turowa ba su wuce agogon Big Ben da ƙofar fadar Buckingham ba, inda kowane baƙo yake tsayawa ya washe baki. Akwai wasu wurare da na taka da ƙafata a 2018, lokacin jinyar Kawu, su nake so ka je. Ba layi, ba a biyan ko sisi. Ba kuma cewa na yi ka je ka girmama gunki ba, kada Malam Babba ya ji ya ce na tsufa na lalace. Karatu za ka je yi.

Ka sauka a tashar Westminster, ka ba agogon baya, ka bi bakin kogin Tems, ruwan yana hannunka na dama. Ba nisa za ka ga wani ɗan lambu a hagu, jikin ginin ma'aikatar tsaronsu. A ciki akwai farin dutse mai tsayin mutum biyu, a samansa wata dabba ta tagulla mai kama da zaki. Chinthe sunanta, irin wadda mutanen ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suke girkewa a ƙofar wuraren bautarsu, kuma daga sunanta aka samo Chindit, sunan rundunar Janar Wingate, wanda mahaifina Baba Kofur yake ce wa Cindi. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka zare bataliya uku ta sojan Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, daga runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka haɗa su da mutanen Janar Wingate. A 1944 aka kwashe su a jirgin sama aka sauke a tsakiyar dajin Bama, a bayan sojan Japan, don su datse musu hanyar jirgin ƙasa da ta mota. Shi kansa Wingate bai ga ƙarshen abin ba, jirginsa ya faɗi a watan Maris na wannan shekarar. Baba yana cikin waɗanda aka sauke. Bai kai shekarunka na yanzu ba.

Da yamma na isa wurin, ana yayyafi, takalmina ya sha ruwa. Sau uku na zagaya dutsen ina bin rubutun da yatsa, ina cire tabarau ina gogewa da bakin riga. Ga fuskar Wingate. Ga sunayen mutum huɗu da suka sami lambar yabonsu mafi girma, Victoria Cross, ɗaya ɗan Nepal ne. Sai jerin rundunoni, a cikinsu na tsinci Najeriya. Na ɗora tafin hannuna a kai na yi wa Baba addu'a. Wani Bature mai jan kare ya tsaya ya dube ni, ya wuce abinsa. Kada in yi musu ƙarya, nasu ƙananan sojojin ma ba a jera sunayensu a nan ba. Amma sai 1990 aka kafa dutsen, shekara 46 bayan abin, kuma a lokacin Baba yana nan da ransa, yana gadin wani sito a Sabon Gari da tocila da sanda. Ko labari bai ji ba.

Waɗanda ba su dawo ba, sunayensu suna wata maƙabarta da ake kira Taukkyan, kusa da Yangon, inda aka rubuta kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Ɗan Katsina, abokin yaƙin Baba, yana cikinsu, in an rubuta shi daidai. Wa ya taɓa tashi daga Katsina ya je can ziyara?

Kai da carbi da alewa a aljihu ka san Baba, kana shekara huɗu ya rasu. Ni da dare na san shi. Idan damina ta sauka, ruwa ya fara dukan kwano, sai ya zabura yana kiran Ɗan Katsina, yana cewa a kashe wuta, a kashe wuta. Inna ta rirriƙe shi, mu kuma mu lafe a cikin mayafi kamar muna barci. Ƙwaurinsa duk tabon matsattsaku ne. Har ya koma ga Allah bai yarda an yanka dabba a gabansa ba, ragon layyarsa ma Kawu ne yake yanka masa a bayan gida. Wannan shi ne sojan da ya dawo lafiya, wanda aka yi wa guɗa a tasha.

Kafin ka fita daga lambun ka ƙara 'yan taku. Akwai wani sabo, manyan duwatsu biyu da faifan tagulla a tsakaninsu, wani gefen an goge shi sumul, wani an bar shi da kaushinsa. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe shi a 2017, na yaƙin Iraƙi da Afganistan. Sojansu 179 ne suka mutu a Iraƙi daga 2003, sama da 450 a Afganistan, kuma ba sunan ko ɗaya a jikinsa. Na kawo maka shi ne don kada ka ce min zancen Bama ya zama tatsuniya, yanzu soja aiki ne kamar kowane aiki, ga albashi ga fansho. Lambun nan bai cika ba, Abba, da sauran fili. Ka kuma tambayi kanka garuruwan su wa aka shiga a waɗannan yaƙe-yaƙen, wane ne a bayan ƙofar da za a ce ka ɓalle da ƙafa, kuma da wace kalma zai buɗe baki idan ya ga bindiga. Soja ba ya zaɓen inda za a tura shi.

Daga nan ka wuce Hyde Park Corner. A bakin titin Constitution Hill akwai ginshiƙai huɗu da motoci suke ratsawa ta tsakaninsu. An kafa su a 2002 don tunawa da mutum miliyan 5 daga yankin Indiya da Afirka da Karebiyan da suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya na farko da na biyu. Indiya, Pakistan, Bangladash, Sri Lanka, kowace da sunanta. Mu kuwa "Afirka" kawai, a dunƙule, kamar sunan unguwa. Akwai wani a Brixton na sojan Afirka da Karebiyan, an buɗe shi a 2017, shi ban samu zuwa ba, jikin Kawu ya rikice a ranar. A 2021 hukumar da take kula da kaburburan sojansu ta fito da bakinta ta ce aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. Ministan tsaronsu ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Bayan shekara 100.

Amma wanda ya karya ni ba na mutane ba ne. Ka haura titin Park Lane kamar mai zuwa Marble Arch, za ka gan shi a tsakiyar hanya, motoci dama da hagu. Katanga ce lanƙwasasshiya mai tsaga a tsakiya, an zana giwaye da raƙuma da tantabaru a jikinta. Alfadarai biyu na tagulla, an labta musu kaya, suna hawa matakala sun nufi tsagar. A can bayan katangar doki da kare. Na dabbobin da suka mutu a yaƙi ne, an kafa shi a 2004, kuma an rubuta a jiki cewa ba su da zaɓi.

Ban taɓa ba ka wannan labarin ba. Da alfadarai su Baba suke ɗaukar kaya a dajin, kuma kafin a shiga da su sai da likitocin dabbobi suka yanke musu jijiyar murya, don kada su yi kuka 'yan Japan su ji. Baba ya ce sai ka ga dabba ta miƙe wuya, ta wangale baki, haƙarƙari yana motsi, amma ba abin da yake fita sai iska. Ya ce cikin duk abin da idonsa ya gani, wannan ne ya ƙi barinsa. Sau ɗaya ya faɗa min, muna ɓarar gyaɗa, bai kuma sake ba. Da na ga alfadaran nan sai gwiwata ta saki. Na zauna a kan matakalar da furfurata ina kuka, jama'a suna wucewa da kofin shayinsu a hannu.

Shi ma Baba ba shi da zaɓi. Dagaci aka ba adadi, ya duba gidan da ba mai tsaya masa, ya nuna shi. Kai fa? Wa ya nuna ka? Da ƙafarka za ka kai wuyanka, saboda takarda? Gonar bakin rafi na sayar, na haɗa da filin da na yi wa Hajiyarku alkawari. Na so in ce ba gori nake maka ba, to gori ne, ka ɗauke shi a gori. In biza ta ƙare ka tattaro kayanka ka dawo, ba wanda ya kore ka daga Zariya. Ko kunyar dawowa ba fam a aljihu kake ji? Wa ya ce maka kuɗi muka aike ka nema? Sunan mahaifina na sa maka, sunan da bakina ba ya iya furtawa, shi ya sa kake Abba. Su ba su rubuta shi a dutsensu ba, ni na raɗa maka shi a kunne. Ba zan zauna ina gani a sake cusa shi cikin jerin runduna ba. In ka sa hannu a takardar nan, ban yafe ba.

Da na rubuta wannan kalmar sai na ajiye biro na fita na yi alwala. Na dawo da niyyar soke ta, sai na ga gara ka ga inda zuciyata ta kai. Ban taɓa yi maka baki ba, ba kuwa da tsufana zan fara ba. Na yafe maka duniya da lahira, wanda ka yi da wanda ba ka yi ba. Tsoro ne kawai, ɗana. Ranar fom ɗin Kaduna ma tsoro ne, sai dai a lokacin girman kai bai bar ni na zaunar da kai na yi maka bayani ba, na yaga na shige ɗaki. Ba raina aikin soja na yi ba, ka san yadda nake ji da ɗan gidan Kawu da yake soja, kullum yana cikin addu'ata. Amma ni na riga na ba da nawa kason tun kafin a haife ni.

Saura wuri ɗaya, shi kuma na fanninka ne. A unguwar Soho, kan titin Broadwick, akwai wani baƙin famfon tuƙa-tuƙa a gefen hanya, ba shi da hannu. Ba na ainihin ba ne, kwaikwayonsa aka yi, amma akwai wani jan dutse a bakin titi da yake nuna inda na farkon ya tsaya. A 1854 cutar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 600 a wannan 'yar unguwar. Manyan likitocin lokacin sun tafi a kan gurɓatacciyar iska ce take kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, yana sa alama a taswira duk inda aka yi rashi, sai ga alamomin sun yi wa famfon nan zobe. Ya lallashi hukumar unguwar aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona aka tarar rijiyar ko taku biyu ba ta kai ba daga ramin masai. Akwai mashaya a jikin wurin da aka sa wa sunansa, alhali shi mutumin ba ya shan giya. Ka tsaya daga waje.

Aikin ruwa muka tura ka karanta. Daminar bara yara biyu aka ɗauka a layinmu cikin mako ɗaya, ka san gidan, ka kuma san tazarar da take tsakanin rijiyarsu da masansu, don kai ka taɓa nuna min ita kana sakandare, na ce ka rufe min baki kada maƙwabta su ji. Har yau rijiyar tana nan ana sha.

Ka je ranar Asabar. Ka sa rigar sanyi mai kauri, iskar bakin kogin nan ba ta da imani. Ka je kai kaɗai, ban da yaron nan. Ka ɗauko min hoton wurin da aka rubuta Najeriya, nawa ya tafi da wayar da aka zare min a Kwangila. In ka dawo ka kira ni bayan isha'i, tamu ba taku ba, zan ɗauka ko ƙarfe nawa ne.

Hajiyarku ba ta san komai ba tukuna, na ja wa Hajara kunne. Ta haɗa maka kuka da daddawa da yaji, za a ba mai zuwa ƙarshen wata. Kilishin ne ba zai samu ba, ba sa bari a shiga musu da nama, ta yi ta mita har yanzu. Ummi tana gaishe ka, ta ce ka tuna alkawarin agogonta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.

Ni ne mahaifinka.