Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina uwargida da yara? Saƙonka ya iso, na ji likita ya tabbatar maka da ciwon suga, irin wanda ake fara wa da ƙwaya kafin a yi maganar allurar insulin. Allah Ya sa kaffara ne. Ka san shekarata shida ke nan da shi, shi ya sa na kasa yin shiru.

Metformin ɗin da aka ba ka, ka riƙa shan sa tare da abinci. Ni ma da farko ya ɓata mini ciki, ga gudawa ga tashin zuciya, amma daga baya ya lafa. Aikinsa rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini. In an haɗa maka da ƙwayar glibenclamide kuwa, kada ka kuskura ka sha ka fita ba ka karya ba, don suganka na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Na taɓa yi. Kafin azahar ina rumfa zufa ta keto mini, hannuna na rawa, ina gani dishi-dishi, sai da maƙwabcina ya miƙo lemon kwalba na sha rabi sannan na dawo hayyacina. Tun ranar ba na rabuwa da ƙwayar suga a aljihu.

Ba a hana ka tuwo ba. Malmala ɗaya nake ci maimakon biyu, in cika kwanon da miyar ganye, ga wake da kwaɗon zogale. Kokon safen nan naku na Zango dai, a daina zuba masa suga, a kuma rage kofin. Bayan sallar asuba ina tattaki na minti 30, kwana biyar a mako.

Abin da nake jiye maka shi ne ranar da za ka ga awo ya yi kyau ka ce ka warke, ko wani mai lasifika a kasuwa ya ce saiwarsa na tuge ciwon. Don Allah kada ka ajiye magani. Ciwon nan a ɓoye yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Ka nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin wata uku. Ga yawancinmu ana son sakamakonsa ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Kullum da dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, kuma ka zazzage takalmi kafin ka saka.

Kafin azumi ka koma wurin likita ya gyara maka lokutan shan magani. Ka gaishe da Baba, ka kuma aiko mini da sakamakon awonka na gaba.

Naka amini,
daga Zariya