Godiya Ga Ma'aikatan Wurin Ajiyar Jiragen Ruwa Na Kent

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a bainar jama'a don in gode muku, don kuma 'yan uwa mazauna birnin Siyatul na Amurka da kewaye, har da garinku na Kent, su san irin riƙon amanar da na gani a wurinku.

Duk wanda ke da ƙaramin jirgin ruwa ko motar nan mai ɗakin kwana da kicin a ciki ya san ciwon kan da ke zuwa da watan Oktoba a garin nan. Dokar birni ba ta yarda mota ta wuce awa 72 a wuri ɗaya a bakin titi ba, gidajen haya kuma ba su da filin da zai ɗauki tirelar jan jirgin ruwa. Ga ruwan sama. Abin mamaki, in aka auna ruwan shekara guda, bai kai na Kaduna ba. Amma namu na gida ya kan zuba da ƙarfi ya ɗauke, rana ta fito. Na nan kuwa yayyafi ne marar yankewa, kimanin kwana 150 a shekara, ya fi tsanani daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma babu ranar da za ta busar da abin da ya jiƙe. Gansakuka ta hau rufi, katifa ta yi funfuna, tsatsa ta ci ƙarfe.

Da na zo wurinku, niyyata in kama rumfa biyu, ɗaya ta motar, ɗaya ta jirgin. Dattijon da ya karɓe ni ne ya hana. Ya ce motar ce ke buƙatar rumfa, jirgin kuwa fili ya ishe shi muddin an rufe shi yadda ya kamata. Wato da bakinsa ya rage muku ciniki. Wallahi wannan ya zauna min a rai.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko tsani ya hau saman motar, yana bin kowace mahaɗa yana dannawa da babban yatsa, har ya gano inda danƙo ya tsage kusa da tagar rufi. A jikin jirgin kuma ya cire toshiyar ƙasa, ya ɗaga gaban tirelar don duk ruwan da ya shiga ya gangara ya fita, sannan ya kafa sanduna ƙarƙashin tamfol ɗin yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya bar kafar shan iska ta gefe. Ya bayyana min cewa tamfol da aka ɗaure tamau danshi yake tarawa a ciki. Ya sa na tsiyaye ruwan inji da na bututun motar, domin daren da sanyi ya kai ga ƙanƙara, ruwan da ya rage shi ke fasa su. Batir ma ya ce in tafi da shi gida.

Bayan wata iska mai ƙarfi a watan Disamba, wata baiwar Allah daga ofishinku ta kira ni ta ce igiya ɗaya ta kwance, sun ɗaure, kada in taso. Babu wanda ya nemi ko sisi.

Da bazara na zo ɗauka. Na buɗe ƙofar motar, babu warin danshi, jirgin ma a bushe, a makon na saka shi a tafkin Washington da yara. Na riga na biya kuɗin wurin na baɗi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Naku,
Wani mazaunin Siyatul