Amsa Ga Uban Da Ya Tambaye Ni Kan Darasin Asalin Ɗan'adam

Malam, barka da war haka.

A taron iyaye da malamai ka miƙe ka ce, "Yaya za ka tsaya gaban 'ya'yanmu ka ce musu kakansu biri ne?" Lokaci ya ƙure ranar, ban samu na amsa ba. Tunda a fili ka yi tambayar, a fili zan amsa.

Ban taɓa faɗa musu haka ba, kuma masana ilimin halittu ma ba haka suke cewa ba. Cewa suke mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka, wata halitta da ta rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan kowane reshe ya kama gabansa. Ɗan baffanka ai ba shi ya haife ka ba.

Kuma ni ba daga nan nake fara darasin ba. Da sikila nake farawa. In zana gida huɗu a allo, in rubuta AS a sama, wato uba, AS a gefe, wato uwa, in miƙa wa ɗalibi alli ya cike. A ita ce ƙwayar gado ta lafiyayyen jini, S ta sikila, kuma yaro yana gadon ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Nan nake daɗewa, domin kusan kowace shekara sai an samu wanda zai ce ashe in sun haifi mai SS ɗaya sauran ukun sun tsira. A'a. Kowane ciki sabon lissafi ne. Wannan ƙa'ida ta gado wani malamin coci, Gregor Mendel, ya fitar da ita a 1866, daga gwajin da ya yi da irin waken fis a lambun gidan ibadarsu, kuma ba a kula da aikin ba sai a 1900.

Sai in yi shiru in jira. Ba a rasa mai tambaya: in S tana da illa haka, me ya hana ta ƙarewa? A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi katutu, masu AS sun fi tsira su hayayyafa, sai S ta yi ta bin jini. Abin da masanin halittu Charles Darwin ya kira zaɓin yanayi a 1859 ke nan, ko da yake shi kansa ya mutu bai san yadda gadon yake tafiya ba.

Bayan wannan ne nake kawo ƙasusuwa: Lucy, wato ƙasusuwan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka tono a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, ƙugunta na nuna a miƙe take tafiya. In nuna musu cewa muna da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki) 46, cimfanzi 48, kuma namu mai lamba 2 yana ɗauke da alamar biyu da suka haɗe.

Na san abin da ke ranka imani ne, kuma ban raina shi ba. Jarrabawata ba ta tambayar yaro me ya yi imani da shi. Tana tambayarsa me masana suka ce, da wace hujja. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta bayanin tsaf, ta ƙara a ƙasa cewa ita ba ta yarda ba. Cikakken maki na ba ta.

Inda na taɓa yin kuskure wani wuri ne daban. Na ce kowa ya zo da rukunin jinin iyayensa mu yi lissafi. Wani yaro ya zauna yana kallon takardarsa, lissafin rukunin jininsa da na iyayensa ya ƙi fita, ya ƙi ɗago kai har aka tashi. Tun ranar, iyalan da nake amfani da su a allo na ƙirƙira ne.

Ranar Alhamis za mu yi darasin gida huɗun nan. Akwai kujera a bayan aji, in kana da hali ka zo.

Naka,
Malamin ɗanka na ilimin halittu