Bikin 'Yancin Indiya a Idon Baƙo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in bayyana abin da na gani a Delhi, inda nake karatu, ranar 15 ga Agusta, wadda Indiya ke tunawa da samun 'yancinta daga Birtaniya a 1947. Da safe Firayim Minista ya ɗaga tuta a Red Fort, tsohuwar fadar sarakuna da ke Delhi, ya yi jawabi, kamar yadda aka saba tun zamanin Nehru, Firayim Ministan Indiya na farko. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne yammacin ranar, lokacin da maƙwabtana, yara da manya, suka hau rufin gidaje suna sakin takardu masu launi ɗaure da zare, iska na wasa da su. Ni baƙo ne, duk da haka wata dattijuwa ta kawo mini alewa har ƙofa, sai kewar gida ta kama ni.

Naka,
Wani ɗalibi daga Delhi