Sabulun fuska mai tsada: ina kuɗin yake tafiya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana kan sabulan wanke fuska na 'yan gayu da suka cika kantuna da zaurukan WhatsApp a nan Garwa, arewacin Kamaru, har Marwa da Ngaundare. Sana'armu haɗa sabulu da sayar da kayan kwalliya, kuma tambayar da mata suka fi kawo mana ita ce ko sabulun sefa 15,000 ya fi na sefa 2,500 gyara fuska. Galibi bai fi ba. Abin da ya raba sabulu mai kyau da marar kyau yana rubuce a bayan kwali, ba a takardar farashi ba.

Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, tana tsakanin 4.5 da 5.5, kuma wannan tsamin tare da ɗan maiƙon da ke samanta su ne ke riƙe danshi da hana ƙwayoyin cuta sakewa. Sabulu na ainihi, wato mai da aka haɗa da soda, yana kai 9 zuwa 10. Ko da man zaitun aka yi shi, ko a Faransa aka naɗe shi da zare mai ruwan zinariya, in dai mai ne da soda, haka ma'auninsa yake. Shi ya sa bayan wanka fuska take ɗaurewa kamar an ja ta. Mata da yawa suna ɗaukar wannan ɗaurewar a matsayin alamar tsafta, alhali maiƙon da ke kare fatar ne aka kwashe. Da hunturu kuwa, ga iska ga ƙura, sai fuska ta yi furu-furu, gefen hanci da na baki su fara saɓa.

Akwai wani nau'in da kamanninsa na sabulu ne amma haɗinsa daban, ba a dafa shi da soda. Dove, wanda ya fito a Amurka a 1957, yana cikin na farko-farko, ma'auninsa kusan 7. Na ruwa da ake samu a kantin magani da yawansu suna kusa da 5.5. Tunda kayanmu da Faransanci suke zuwa, a nemi "sans savon" (wato babu sabulu na ainihi a ciki) ko "pain dermatologique" a jikin kwalin. Sannan a duba jerin kayan haɗi, domin doka ce a fara da wanda ya fi yawa. In an ga "sodium palmate", "sodium palm kernelate" ko "sodium tallowate" a farko, to manja ne ko man alayyadi ko kitse aka haɗa da soda, daidai da na kasuwa. In an ga "sodium cocoyl isethionate", wannan shi ne mai taushin. Bambancin da ya cancanci ƙarin kuɗi ke nan, kuma ana samun sa a matsakaicin farashi.

To sauran kuɗin fa? Kwalba, kwali, turare, talla, kuɗin kwastan a Duwala, da kuɗin mota zuwa arewa, sai ribar hannu uku ko huɗu. Ana rubuta zinariya, kolajin, bitamin C, ruwan fure kaza. Mu da muke awon kayan haɗi mun san irin waɗannan sukan zo a ƙarshen jeri, bayan turare, inda kowane abu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ko da sun yi yawa ma, sabulu minti ɗaya yake yi a fuska a ɗauraye shi. Kolajin ƙwayarsa ta yi girman da ba ta ratsa fata, bitamin C kuma sai ya zauna a kan fata cikin haɗi mai tsami kafin ya yi aiki. Duk magudanar banɗaki suke bi.

Wanda zai saya ya yi lissafi da giram. A ce guda mai giram 100 sefa 15,000 ne, kowane giram 150 ke nan. Mai giram 100 na 2,500 kuwa giram ɗinsa 25. Ninki shida. A zafin Maris da Afrilu, in aka bar sabulu cikin kwano mai ruwa, rabinsa narkewa yake yi, don haka a sa shi a mazubi mai huji, ko a yanka shi uku a riƙa fito da ɗaya-ɗaya.

Mai ƙuraje tana da ɗan uzuri. Abin wanke fuska mai "acide salicylique" kashi 2 cikin 100 yana buɗe ramukan fata da maiƙo ya toshe, amma sai an bar kumfar minti ɗaya zuwa biyu kafin a ɗauraye, kuma sai an yi sati shida zuwa takwas kafin a yanke masa hukunci. Mai "peroxyde de benzoyle" ya fi ƙarfi, yana busar da fata, yana kuma cin launin tawul da matashin kai. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna. Waɗannan a kantin magani ake sayen su, kuma ba su ne mafi tsada ba.

Inda abin ya fi damun mu shi ne sabulan da ake rubuta wa "éclaircissant" ko "teint clair", ko waɗanda ake haɗawa a gida a zuba a roba babu jerin kayan haɗi, a ce sirri ne. Tsadarsu ce ma take sa a yarda da su. Abin da ke sa fata haske cikin sati biyu ba karas ba ne, ba kurkum ba ne. Yawanci "hydroquinone" ne, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin "clobétasol", ko zaiba. Na farkon in aka daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya fita. Na biyun yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, ga nankarwa, ga ƙuraje, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa ƙoda take taɓawa, tana kuma kaiwa ga jariri ta ciki da ta nono. A watan Agustan 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigo da kayan kwalliya masu irin waɗannan sinadarai da haɗa su da sayar da su. Duk da haka ba su ɓace daga tebura ba.

Kada a ce muna tallar namu. Sabulun salo da na man kaɗanya su ma sabulu ne na ainihi, ma'auninsu sama yake. Kilo ɗaya na manja yana cin soda kusan giram 140. Mai haɗin kirki takan rage kashi 5 cikin 100 na sodar don ɗan mai ya saura, ta kuma bar sabulun ya sha iska sati huɗu zuwa shida. Wadda ta auna da ido, ko ta kai kasuwa bayan kwana uku, sabulunta zai yi zafi a fuska. Mai fata mai maiƙo za ta iya jure mai kyau a cikinsu. Mai busasshiyar fata ta bar shi ga jiki.

Yadda ake wankin ma yana da nasa. Sau biyu a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan, da yatsu, ba soso ba. Daƙiƙa 30 zuwa 60, a ɗauraye sosai, musamman inda ruwan rijiya yake da nauyi har sabulu ba ya kumfa, domin yana barin wani farin datti a fata. A danna tawul a fuska a hankali, a shafa mai tun fuska tana da danshi. Sabon abu kuma a fara gwada shi a bayan kunne kwana uku. Kuɗin da ya ragu a sa shi a man shafawa da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, tunda su ne suke wuni a fuska, kuma ranar Garwa ita ce ke ƙara duhun tabon ƙuraje.

Roƙonmu ga ANOR, hukumar kula da ingancin kaya ta Kamaru, da ma'aikatar lafiya shi ne su riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwannin arewa suna aunawa, su buga sunayen waɗanda aka samu da haramtattun sinadarai, a kuma karanta su a rediyo da Hausa da Fulatanci.

Wassalam.

Wasu masu haɗa sabulu da sayar da kayan kwalliya,
Garwa, Kamaru